Me Ya Sa Agogon Sitenles Ke Yin Ƙananan Ramuka?

Kamfanoni kan tallata agogo ko waya mai jikin sitenles da sunan ƙarfen da ba ya tsatsa. Apple Watch na farko da ya fito a 2015 yana da samfurin da aka ƙera da sitenles mai lamba 316L, haka kuma gefen iPhone X na 2017 da irin wannan ƙarfe aka yi shi. Duk da haka, idan aka duba bayan wasu agogunan da aka daɗe ana ɗaurawa, za a ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar an soka allura. Waɗannan ɗigogi ramuka ne, kuma gishiri ne ke haƙa su.

Rigar da ido ba ya gani

Sitenles baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Harry Brearley na birnin Shefil a Ingila yana cikin waɗanda suka fara haɗa shi, a 1913. Da zarar kuromiyam ya haɗu da iskar oksijin, sai ya yi wa ƙarfen wata riga wadda ta fi gashin kai siranta sau dubbai. Ita ce ke hana ruwa taɓa ƙarfen da ke ƙasa. Idan an karce ta, takan sake tohowa da kanta, muddin akwai oksijin a wurin. Shi ya sa karcewar makulli ba ta sa agogo tsatsa.

Yadda gishiri ke fasa ta

A cikin gishiri akwai sinadarin kuloraid. Yana cikin gumi, yana cikin ruwan teku, inda lita ɗaya ke ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Kuloraid ba ya cin fuskar ƙarfen gaba ɗaya. Wuri mai rauni yake nema, yawanci inda ɗan ƙwayar datti mai ɗauke da farar wuta ya maƙale tun wajen narka ƙarfen. Nan yake huda rigar.

Da ramin ya buɗe, sai ya fara ciyar da kansa. Ƙarfen da ke narkewa a ciki yana sa ɗan ruwan da ke wurin ya yi tsami, yana kuma jawo ƙarin kuloraid daga waje. Oksijin na ciki ya riga ya ƙare, don haka rigar ba ta iya dawowa. Tsamin ya ƙara narkar da ƙarfe, narkewar ta ƙara tsami. Bakin ramin yakan kasance ɗan mitsitsi, cikinsa kuwa yana ta faɗi da zurfi, kamar yadda gara ke cin azara ta bar bayanta lafiya lau.

Ramin da ke mutuwa da wanda ke rayuwa

Yawancin ramukan da suka fara ba sa daɗewa. Cikin daƙiƙoƙi murfinsu yakan fashe, ruwan waje ya shiga ya sirka tsamin, rigar ta sake rufe wurin. Ramin da ke rayuwa shi ne wanda ya samu mafaka: ƙarƙashin maɗauri, tsakanin ƙwayoyin sarƙa, gefen maɓalli, ko inda murfin baya ya haɗu da jiki. A nan gumi ke kwanciya ya bushe, gishirinsa ya yi kauri. Zafi kuma yana hanzarta aikin, don haka hannun da ke gumi a lokacin bazara ya fi ba ramin dama. Idan ramin ya fito a inda robar hana ruwa ke zaune, ruwa zai samu hanyar shiga cikin na'urar.

Ba duk sitenles ne ɗaya ba

Mai lamba 304, wanda ake yin cokula da tukwane da shi, yana da kuromiyam kimanin kashi 18 da nikel kashi 8. Shi kuwa 316L an ƙara masa molibdinam kashi 2 zuwa 3, wanda ke taimaka wa rigar ta rufe rami da wuri. Rolex na amfani da 904L mai molibdinam kashi 4 zuwa 5. Agogon da aka rubuta wa sitenles kawai ba tare da lamba ba, babu tabbacin wanne ne a jikinsa. Shi ma 316L ba ya jure zama cikin ruwan teku na dogon lokaci.

Akwai kuma batun IP68 da ake gani a kwalin waya. Da ruwa mara gishiri ake yin wannan gwaji, kuma shigar ruwa yake aunawa. Bai ce komai a kan abin da gishiri zai yi wa ƙarfe ba.

Abin da ya kamata a yi

Bayan motsa jiki ko wanka a teku, a ɗauraye agogon da ke jure ruwa da ruwa mai tsabta, a goge shi ya bushe. A riƙa cire maɗauri lokaci-lokaci ana wanke ƙarƙashinsa da buroshin haƙori mai laushi. Waya kuma, ƙyalle mai ɗan laima ya isa, musamman gefen da rigar roba ke rufewa. A guji bilic, domin sinadarinsa na cikin masu saurin huda sitenles. A guji soson ƙarfe, wanda ke barin burbushin da zai yi tsatsa a kai.

Ƙarfen da rami ya cinye ba ya dawowa. Wankewa da busarwa na iya tsayar da shi inda ya kai, amma idan ya taɓa wurin robar hana ruwa, sai a daina shiga ruwa da agogon har mai gyara ya duba shi.