Kifin Itace: Yadda Za Ka Sa Shi Ya Daɗe

Ya kai mai karatu, ko kai manomi ne mai taɓa su da rani, ko kuwa mai gari ne da ke da masunta a ƙasarsa, ga wata magana mai amfani gare ka.

Ka sani su tsohuwar sana'a ce a ƙasar Sakkwato. Daga Goronyo zuwa Wurno, har Kwalkwalawa da Wamakko, mutanen bakin gulbin Rima sun gāji homa da gora da mamari daga kakanninsu. Amma akwai wani baƙon kayan aiki, watau kifin itace. Ɗan guntun itace ne a kan sassaƙa da siffar ƙaramin kifi, a ɗaura masa ƙugiya, a jefa a riƙa ja. Giwan ruwa da tsage, da ya ke abincinsu ƙananan kifaye ne, sai su zaci mai rai ne, su kai masa cafka. Ba ya bukatar tana ko wani koto. Aibinsa ɗaya ne: in ba a gyara shi da kyau ba, kafin wata ya kama ya sha ruwa, ya tsage, ya zama na wuta.

A shekarar 1936 wani matalaucin masunci a ƙasar Finlan, can arewacin Turai, sunansa Lauri Rapala, ya sassaƙa irin wannan kifi da ɓawon itace mara nauyi. Ya naɗe shi da takardar nan mai ƙyalli, sa'an nan ya narkar da tsohon fim na ɗaukar hoto ya shafe shi da shi, don kada ruwa ya shiga. Har yau ana sayar da kifayen itace da sunansa a ƙasashe da yawa. To, lura da abin da ya gane: babban maƙiyin kifin itace shi ne ruwan da a ke jefa shi ciki.

Ga dalili. Itace yana da ƙofofi ƙanana waɗanda ruwa ke bi tun yana tsaye da ransa, bakinsu kuwa yana wurin da aka datse shi. Idan ya jiƙa sai ya kumbura, idan ya bushe sai ya tsuke. Kumburi da tsukewa su ke fasa fenti, su sassauta ƙusa. Saboda haka ga abubuwa biyar da za ka kiyaye.

Na ɗaya, zaɓen itace. Rimi da gurjiya ba su da nauyi, suna da daɗin sassaƙa, amma shan ruwa gare su ƙwarai. Ƙirya da kanya suna da ƙarko, sai dai nauyinsu ya kan hana kifin rawa cikin ruwa. Maɗaci da dogon yaro su ne tsaka-tsaki. Ba sai ka sare itaciya ba. Guntayen da kafinta ya zubar sun ishe ka, gama tsawon kifin bai wuce inci 4 zuwa 6 ba.

Na biyu, busarwa. Kada ka sassaƙa ɗanyen itace. Ka shafa kakin zuma a bakinsa biyu, ka rataye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, wata 2 ko 3. Kada ka shanya shi a rana, gama zafin bazarar Sakkwato ya kan busar da bayansa tun cikinsa na ɗanye, sai ya dare. Sauri ya kan haifi nawa.

Na uku, waya. Mutane da yawa su kan kafa ƙusa a ciki da wutsiya su rataya ƙugiya. Wannan kuskure ne. Ka tuna kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 nauyinsa kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Ko ɗan ƙanensa ya ja, ƙusar fita za ta yi. Abin da ya fi shi ne ka raba itacen biyu a tsaye, ka yi ɗan kwari a tsakiya, ka kwantar da waya guda mai ƙarfi wadda ba ta tsatsa, tun daga baki har wutsiya. Ka lanƙwasa mata zobe uku, na igiya a baki, na ƙugiya a ciki da wutsiya. Ko itacen ya fashe, kifinka yana nan a waya. Ka sa 'yar dalma a cikinsa don kada ya kife, sa'an nan ka manne da gam ɗin nan mai bututu biyu da a ke haɗawa. Amma dalma guba ce. Ita ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙasar Zamfara a 2010. Kada ka cije ta, kada ka narka ta inda a ke dafa abinci.

Na huɗu, shafe. Man gyaɗa da man kaɗanya ba su bushewa, fenti kuwa ba ya kama itacen da ya sha su. Ka nemi man da kafintoci ke shafa wa katako ya yi ƙyalli, ka sirka shi har ya tsinke, ka tsoma kifin ciki ya sha, tun ba ma baki da wutsiya ba. Ka rataye shi ya kwana, ka goge da takarda mai yashi, ka sāke tsomawa har sau 3. Bayan haka ka sa farin fenti, ka ɗan baƙanta gadon baya, ka rufe da man nan mara sirki sau 2. Kafin ka kai shi gulbi ka gwada shi: ka sa shi cikin ƙwarya da ruwa, ka lura da inda ruwa ya tsaya masa. In da safe ka tarar ya ƙara nutsewa, akwai kafa. Ka busar, ka sāke shafe.

Na biyar, ajiya. Duk ranar da ka komo, ka ɗauraye shi, ka duba inda haƙoran tsage suka karce, ka bari ya bushe a inuwa, ka toshe wurin tun ruwa bai sami hanya ba. Kada ka kulle shi jiƙaƙƙe cikin gwangwani. Ƙugiya kuwa, a nan ne man gyaɗa ke da rana: ɗigo ɗaya ya kan hana ta tsatsa.

Ku masu gari da sarakunan ruwa, ku karanta wa jama'arku wannan takarda a dandali, ku sa masassaƙi ya gwada ɗaya a gabansu, gama gani ya kori ji. Kifin da aka yi wa hidimar nan ba ya mutuwa a rani guda, mai shi kuwa ba ya komowa gida da labarin babban da ya tsere. Allah ya ba da sa'a, amin.