Cutar Ɗigon Ganyen Gyaɗa: Ba Kowace Zubar Ganye Ce Nuna Ba

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa gonar gyaɗa ne.

Da yawa daga cikinmu, in muka ga ganyen gyaɗa ya yi baƙi-baƙi ya fara kaɗewa, sai mu ce alhamdu lillahi, gyaɗa ta nuna, a shirya cira. Haka muka taso muka ji. To amma sau da yawa cuta ce ta zubar da ganyen nan tun gyaɗar ba ta gama ƙosawa ba.

Cutar iri biyu ce, kuma kowacce da nata nau'in fumfunar da ke kawo ta. Ta farko takan bayyana kamar wata guda bayan shuka. Tsugunna ka duba ganyen da ke kusa da ƙasa, za ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, kowanne da zobe rawaya kewaye da shi. Ta biyu sai an doshi wata biyu take zuwa. Ɗigonta ya fi baƙi, kuma sai ka juya bayan ganyen ne za ka gan shi sosai. Ita ce ta fi saurin tsiraita gyaɗa. Lokacin marka, ga danshi ga ɗumi, raɓa na kwana a kan ganye, a nan suke samun yadda suke so. Iska da fantsamar ruwan sama su yi ta ɗaukar cutar daga wannan kunya zuwa waccan.

To ina ruwan ƙwayar da ke cikin ƙasa da abin da ya sami ganye? Ai ganyen ne madafar gyaɗa, a can ake haɗa abincin da ke sauka ya cika kwanso. Ganye ya zube, ƙwaya ta tsaya a motse, ba nauyi, ba mai. Sannan jijiyar nan da ke riƙe da kwanso takan yi rauni. Ranar cira ka fizgo tushe, rabin 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa, masu roro su samu, mai gona ya tashi da buhun da bai taka kara ya karya ba. Masana aikin gona sun tabbatar cewa cutar nan kan iya cinye rabin amfanin gona, in kuma ta haɗu da cutar tsatsa, asarar takan kai kashi 70 cikin 100.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, wato harawa. Duk mai turkar rago ya san darajar harawar gyaɗa da rani. Gyaɗar da ta kaɗe ganye kuwa, karmami kawai za ka ɗaure, dabba ta shinshina ta kau da kai. Dattawa ba su manta da annobar kuturtar gyaɗa ta 1975 ba, domin kowa ya ga ɓarnarta da idonsa. Cutar ɗigon ganye kuwa kowace damina tana ci, amma da wuya ka ji ana maganarta a majalisa, kuma abin nan na damuna ƙwarai.

Cutar takan yi rani ne a cikin tarkacen gyaɗar bara da kuma gyauro. Saboda haka kada a maimaita gyaɗa a wuri ɗaya shekara da shekaru. A sa gero ko dawa ko masara a tsakani. A tuge gyauro. A yi shuka da wuri da zarar ruwa ya zauna. A nemi ingantaccen iri, kamar jerin SAMNUT da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar tare da haɗin gwiwar cibiyar bincike ta ICRISAT, a kuma tambayi malamin gona wanda ya dace da yankinku. Mai hali ya yi feshin maganin fumfuna, irin su mancozeb, tun ɗigon farko, ya maimaita duk bayan mako biyu. Maganin ƙwari ba ya yi mata komai, kada a zubar da kuɗi a banza.

Kafin ka kira masu cira, ɗan'uwa, tugo tushe biyu ko uku ka ɓare kwanson. In cikin ɓawon ya yi duhu, gyaɗa ta nuna. In har yanzu fari ne fat, da sauranta, ko da ganyen ya zube. Don Allah wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa na gona. Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mun sake saduwa.