Ko Kun Sani? Masaukan Talakawa a Gaɓar Rimini

Ko kun sani cewa a birnin Rimini na ƙasar Italiya, wanda yake gaɓar Tekun Adiriyatik, inda aka buɗe wurin wankan teku tun shekarar 1843, akwai masaukan baƙi kimanin 1,000, galibinsu kuwa ƙananan gidaje ne waɗanda kowannensu iyali ɗaya ne suke riƙe da shi? Asalin al'amarin shi ne, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ma'aikata suka sami hutu da ɗan abin hannu, sai masunta da manoma suka buɗe ɗakunansu ga matafiya, uwargida tana girki sau uku a yini, maigida yana marabtar baƙi, 'ya'ya suna hidima, har ya zama al'ada iyalan matafiya su lizimci masauki guda shekara da shekaru, wanda haƙiƙa karimci ne abin yabo. Amma rairayin gaɓar mallakar hukuma ne, masu hayarsa suke jera laimomi bisa lamba, baƙo ya biya ladan zama. Mai niyyar zuwa ranar 15 ga Agusta, idin Italiyawa na Ferragosto, lalle ya nemi ɗaki da wuri saboda yawan baƙi.