Wata Tara da Kwana Tara: Yadda Ake Ƙirgen Ciki a Ƙasar Hausa

A gidan Bahaushe ba kasafai mace ke buɗe baki ta ce tana da juna biyu ba, balle idan cikin fari ne. Kunya ba za ta bari ba, ga kuma tsoron bakin mutane. Tsofaffin gida ne ke ganowa da kansu. Za su lura amarya ta fara kasala, tana yawan tofar da yawu, ƙamshin miyar da take so jiya ya koma tayar mata da zuciya, ta tsiri kwaɗayin tsamiya ko ɗanyen mangwaro. Wata tsohuwar ma wuyan yarinya kawai za ta kalla, ta ce jijiya tana harbawa da sauri. Daga nan sai kaka ta ja jikarta ɗaki, ta rage murya ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe rabonki da fashin salla?" Yarinya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zane, da ƙyar ta ce, "Tun farkon watan babbar salla, Inna."

Amsar nan ita ce tushen lissafin gaba ɗaya. Mace Musulma tana da abin da ke riƙe mata kwanakin al'adarta ko da ba ta taɓa mallakar kalanda ba, wato ibada. Ta san ranar da ta ajiye salla, ta san ranar da ta yi wankan tsarki, ta san azumi nawa ta sha. Shi ya sa idan aka ce mace "ta ɓata wata", ana nufin lokacin fashin sallarta ya zo ya wuce ba ta ga komai ba.

Da jin amsa sai kaka ta fara lanƙwasa yatsu. Watan babbar salla ɗaya, watan cika-ciki biyu, Safar uku, watan takutaha huɗu, haka za ta bi har ta ratsa ta watan azumin tsofaffi a na takwas, ta cika tara da Sha'aban. Sannan ta ɗora 'yan kwanaki a kai ta ce, "In Allah ya kai mu, tsakiyar azumi za ki sauka. Allah ya raba lafiya." A ƙauye akan haɗa da lissafin shekarar noma. Cikin da aka samu da kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida, ana tsammaninsa da tsakiyar damina. Sunaye irin su Azumi, Ɗan'azumi, Tasalla, Marka da Anaruwa duk shaida ne cewa Bahaushe yana ɗaure haihuwa da wata ko yanayin da ta zo a cikinsa.

Adadin da kowa ya sani a baki shi ne wata tara da kwana tara. Wannan magana ta fi ƙarfin salon zance, domin idan aka baje ta a faifai za a ga lissafi ne mai kyau. Watan sama yana da kimanin kwana 29 da rabi. Tara daga cikinsu sun kama kwana 266, wanda shi ne daidai matsakaicin kwanakin da likitoci suka sani tsakanin shigar ciki da haihuwa. Idan aka ƙara kwana tara ya zama 275. Tsohuwa kuwa daga wankan tsarki take fara ƙirge, wato kwana biyar ko shida bayan fara ganin jini. Haɗa su wuri ɗaya, sai ka samu kanka a bakin kwana 280, adadin da asibiti ke aiki da shi. Iyayenmu sun kai ga wannan ne da idon lura, haihuwa bayan haihuwa, uwa tana miƙa wa 'ya.

Bayan ɓatan wata, alama ta biyu da ake jira ita ce motsi. Tsakanin wata huɗu da biyar mai ciki kan ji wani ɗan zillo a mararta. Wadda ta saba haihuwa takan riga mai cikin fari ganewa. Malamai sun danganta wannan zango da hadisin Ibn Mas'ud, wanda ya nuna ana busa rai bayan kwana arba'in sau uku, wato kwana 120. Motsi yana da babban amfani ga macen da ta yi kwanika, wadda ciki ya shige ta tana shayarwa tun al'ada ba ta dawo mata ba. Ita ba ta da ranar fashin salla da za ta kama, sai a ce mata ta riƙe watan da ta fara jin motsi, ta ƙara biyar a kai.

Lissafin yana da aiki a aikace. Da shi ake sanin lokacin goyon ciki, inda mai cikin fari ke komawa gidan iyayenta wajen wata na bakwai don ta haihu a gaban uwarta. Da shi miji ke fara tara itacen wankan jego, ya tanadi gero da kanwa da kayan yaji, ya sa ido kan ragon suna. Idan wata ya kama, dattijuwa mai ido za ta dubi tafiyar mai ciki ta ce ciki ya sauka ƙasa, haihuwa yau ko gobe. Wanda ya riga lokacinsa ya zo a wata bakwai shi ne bakwaini, akan lulluɓe shi da auduga da zannuwa a ɗaki mai ɗumi. Wasu tsofaffi kan ce bakwaini ya fi ɗan wata takwas rayuwa. A nan ilimin likita ya saɓa musu, domin kowane mako da jariri ya ƙara a mahaifa ƙarin ƙwari ne ga huhunsa.

Shari'a ma tana da ruwa da tsaki a wannan ƙirge, saboda nasaba da gado da idda sun rataya a kansa. Iddar mai ciki tana ƙarewa ne da haihuwa. Mafi ƙarancin zaman ciki a wurin malaman fiƙihu wata shida ne. Sun ciro shi ne daga ayoyi biyu: ɗaya ta haɗa ciki da yaye a wata talatin, ɗaya ta sa shayarwa shekara biyu, abin da ya rage shi ne shida. Mafi tsawonsa kuwa, a mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, an ambaci shekara huɗu, an ambaci biyar.

Wannan ra'ayi ya dace da abin da mata ke kira kwantaccen ciki, wato cikin da aka yi imani ya kwanta a mara, ba ya girma ba ya fita, har sai an tayar da shi da magani ko addu'a. Likitoci sun bayyana cewa abin da ake gani a irin wannan hali yakan kasance ɗan tayi ne ya mutu bai fita ba, ko ƙari a mahaifa, ko rikicewar al'ada, ko kuma tsananin son haihuwa da ke sa jiki nuna alamun ciki, daga baya ciki na gaskiya ya shiga. Duk da haka wannan fahimta ta zama garkuwa ga mata da yawa, ta kare mutuncin zawarawa da nasabar 'ya'yansu. A ranar 25 ga Satumba 2003, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke wata bazawara mai suna Amina Lawal daga hukuncin jifa, tsawon zaman ciki a Malikiyya yana cikin hujjojin da aka dogara da su.

Yau kuma ga benci a ɗakin awo. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe kati ta ce, "Hajiya, yaushe ne ganinki na ƙarshe?" Mai ciki ta ce, "Saura kwana uku azumi, Malama." Sai ma'aikaciyar ta jawo kalandar bango mai ɗauke da watannin Musulunci da na Bature, ta gano ranar, ta juya ɗan faifan lissafi. Ƙa'idar da take bi tana ɗauke da sunan wani likitan Jamus, Franz Naegele, wanda ya rasu a 1851: a ɗauki ranar farko ta jinin ƙarshe, a ƙara kwana bakwai, a ƙara wata tara na Bature. Wadda ta fara gani ranar 10 ga Janairu za a rubuta mata 17 ga Oktoba. Wannan shi ne mako 40. Ainihin shigar cikin yakan faru ne kusan mako biyu bayan ranar da aka fara ƙirge, domin ƙwan mace yana fita kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba, kuma maniyyi na iya jiransa har kwana biyar. Saboda haka babu mai iya nuna dare guda ya ce a nan ciki ya shiga, sai dai a ce cikin wannan mako.

Daga nan za a auna tudun ciki da tef. A mako 20 mahaifa takan kai cibiya, bayan haka kusan santimita ɗaya take ƙarawa duk mako. Hoton ciki shi ne ya fi kusantar daidai, amma sai an yi shi da wuri. A watanni ukun farko kuskurensa bai wuce mako guda ba, a watannin ƙarshe kuwa yana iya kai mako uku. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi hoto sau ɗaya kafin mako 24, kuma mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas. Ranar da ke kan kati ma kintace ce. 'Yan ƙalilan ne ke haihuwa a cikinta daidai, mafi yawa suna sauka ne tsakanin mako 37 da 42.

Inda kunyar nan tamu ke cutarwa shi ne jinkirin zuwa awo har sai ciki ya fito fili. Lokacin an wuce zangon da hoto ke faɗin gaskiya, wataƙila ranar jinin ƙarshe ma ta shige duhu. Idan aka rasa lissafi, ba a sanin cikin da ya zarce mako 42, lokacin da mabiyiya ke fara gajiya da ciyar da jariri, sai a zauna gida ana cewa kwanansa ne bai cika ba. Ranar haihuwa Allah ne ya san ta, amma ranar fashin salla ta ƙarshe tana hannun mai ciki. Kakar da ta yi wa jikarta tambayar nan a ɗaki ta riga ta yi rabin aikin likita. Sauran rabin shi ne ta sa a rubuta ranar, ta ɗauki mayafinta ta raka yarinyar awo tun cikin yana wata biyu.