Ko Kun Sani? Kalmar da Ke Kan Ƙofofin Atina

A Atina, babban birnin Girka, har yau da baƙaƙen Girkanci ake rubuta "eisodos" a kan ƙofar shiga. Tsohuwar kalma ce: "eis" na nufin zuwa ciki, "hodos" kuma hanya. Sau 5 kacal ta zo a Sabon Alkawari, 2 daga ciki a wasiƙar Bulus ta farko ga Tasalonikawa, inda yake tuna musu zuwansa garinsu. Inda ta fi ɗaukar hankali shi ne 2 Bitrus sura ta 1. A aya ta 11 tana nufin shiga madawwamin mulki. Aya ta 15 kuma ta kira mutuwar marubucin da kishiyarta, "exodos", sunan Littafin Fitowa a Girkanci.