“Haƙori Ne”: Rarrabe Fitar Haƙori da Rashin Lafiyar Yara a Karkarar Kano

A ƙauyukan arewacin Jihar Kano, daga Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Ɗambatta, Makoɗa, Kunci da Tsanyawa, babu bayanin da ya fi yawo a bakin mutane game da ciwon yaron goye kamar a ce “haƙori ne”, domin da wannan kalma ake fassara zawo da zafin jiki da amai da ƙin nono, wani lokaci har da shiɗewa. Maganar tana da ɗan tushe, tun da fitar haƙori kan taɓa jikin yaro, sai dai an ɗora wa haƙori kayan da ba nasa ba, kuma babbar illar hakan ita ce kwanakin da ake ɓatawa ana jiran haƙori ya huda, alhali wata cuta ce daban take cin yaron.

Abin da ya tabbata shi ne, haƙoran farko na ɗan Adam guda 20 ne, kuma galibi biyun gaba na ƙasa ne ke fara hudowa a wajen wata 6, ko da yake wani yaron kan riga haka, wani kuma ya kai shekara bai fitar ba, duk ba tare da wata matsala ba. Turame na farko, wato haƙoran tauna, kan biyo baya bayan an shekara, fiƙoƙi kuma a wajen shekara ɗaya da rabi, sannan baki ya cika tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku. Yayin da haƙori ke tasowa, dasashi kan kumbura ya yi ƙaiƙayi, yaro ya riƙa dalala har haɓarsa ta yi ƙuraje saboda jiƙewa, ya riƙa gatsa duk abin da ya kama, ya yi rigima, ya rage cin abinci, barcinsa kuma ya rikice. Wani bincike da likitoci suka yi a Cleveland ta ƙasar Amurka, aka buga shi a 2000, ya bi diddigin yara 125 da fitar haƙora 475, ya kuma gano cewa waɗannan alamu suna taruwa ne cikin kwana takwas kacal, huɗu kafin hudowar haƙori, da ranar hudowar, da uku bayanta. Zawo da amai da tari da zazzaɓi mai tsanani ba su cikin abubuwan da binciken ya samu suna tafiya da haƙori.

Batun zafin jiki shi ne inda gaskiya da kuskure suka fi cakuɗewa. Jikin yaro mai fitar da haƙori yana iya ɗan ɗumi fiye da yadda aka saba, amma abin da likitoci ke kira zazzaɓi shi ne zafin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Salsiyas, kuma haƙori ba ya kai yaro nan. Duk yaron da jikinsa ya yi rau, ya kwanta lakwas a bayan uwarsa, to akwai cuta, ko da a ranar ne aka ga farin haƙori ya leƙo a dasashinsa. A wannan yanki, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, zazzaɓin cizon sauro ne abin da ake fara zargi, kuma gwajinsa da ɗigon jinin yatsa a asibitin sha-ka-tafi ba ya wuce minti 20, alhali jinkirin kwana ɗaya ko biyu ya isa ya mayar da shi mai tsanani, har ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ya ƙarar da jinin yaro.

Tambayar da ta fi cancanta a tsaya a kanta ita ce dalilin da ya sa iyaye mata da kakanni, waɗanda suka reni yara da yawa kuma ba su rasa lura ba, suka haɗu a kan wannan fahimta. Amsar tana cikin lokaci. A daidai wata 6 ne garkuwar da jariri ya gado daga jinin uwarsa tun yana ciki take raguwa, kafin tasa ta yi ƙarfi. A daidai nan ne ake fara ba shi koko da kunu da ruwan randa bayan watannin da ya yi yana dogaro da nono. A daidai nan ne kuma yake fara zama da rarrafe, yana kai duk abin da hannunsa ya taɓa baki. Yanayin noman yankin ya ƙara wa abin nauyi. Wannan ƙasa ce mai cunkoson jama'a da gonaki, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, kuma gonakinta da ake nomawa kowace shekara ba hutu sun dogara ne da taki, shi ya sa ake ɗaure awaki da tumaki a cikin gida da damina ana tara kashinsu. Yaron da ke rarrafe a tsakar gida, tsakanin turken awaki da inda kaji ke kiwo, yana gatsa murfin kwano ko takalmin roba saboda ƙaiƙayin dasashi, ba ya buƙatar wani dalili na daban kafin cikinsa ya ɓaci. Iyakar hannun haƙori a cikin zawon ke nan: ya sa yaro kai abu baki, amma ƙwayar cutar da ke jikin abin ita ce ta yi aikin. Tun da kuma haƙora 20 suna fitowa ne a rarrabe cikin kusan shekara biyu, da wuya a sami ciwon da zai kama yaro a wannan tsakani ba tare da wani haƙori yana kan hanya ba. Fiƙoƙi, waɗanda aka fi jin tsoro, suna fitowa ne dab da lokacin yaye, sa'ad da ake raba yaro da nono, sau da yawa a kai shi gidan kakarsa ya canza abinci da ruwa gaba ɗaya. Haka nan ciwon sikila, wato amosanin jini, yakan fara bayyana daga wajen wata 6 da kumburin hannu da ƙafa da kuka mara dalili, wanda shi ma akan jingina wa haƙori.

Wannan kuskure ba na Hausawa kaɗai ba ne, har likitocin Turai sun daɗe a cikinsa, domin a 1839 an rubuta mutuwar yara 5,016 a Ingila da Wales a kan cewa haƙori ne ya kashe su, kuma garin maganin haƙori da ake sayarwa can yana ɗauke da sinadarin makuri mai guba, wanda ya yi ta nakasa yara har zuwa shekarun 1950 da aka cire shi.

Mafi haɗarin ji-ta-ji-tar ita ce cewa zawon haƙori ba a damuwa da shi, zai tsaya da kansa idan haƙori ya huda. Zawo, wato kashi mai ruwa sau uku ko fiye a yini, yana kashe yaro ne ta hanyar ƙarar da ruwan jikinsa, kuma alamun hakan a bayyane suke: idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ragu, fatar ciki idan an mintsine ta ta daɗe ba ta koma ba. Maganinsa ruwan gishiri da sukari ne na leda, a dama shi da tsabtataccen ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar, a riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan da cokali, tare da ƙwayar zinc ta miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a 2004. Ba a daina ba da nono, ba a kuma hana abinci. Tun watan Agustan 2022 Nijeriya ta shigar da rigakafin rota, ƙwayar cutar da ta fi haddasa mummunan zawo ga jarirai, cikin rigakafin yau da kullum da ake fara bayarwa a mako na 6.

Sai batun “maganin haƙori” da ake saya a kemis ko a hannun masu talla ranar kasuwa. Babu ruwan magani ko gari da ke sa haƙori ya fito da wuri ko ya hana ciwo zuwa. Yawancinsu farasitamol ne a ciki, wasu kuma da abin sa barci, saboda haka suna danne zafin jiki su kwantar da yaro, cutar kuwa tana nan tana ci, kuma uwar da ta haɗa su da farasitamol na daban ta ninka wa hantar yaro nauyi ba ta sani ba. Nijeriya ta ga ƙarshen abin a 2008, lokacin da wani maganin haƙori mai suna My Pikin, na kamfanin Barewa da ke Legas, ya gurɓata da sinadarin da ake amfani da shi a ruwan birki na mota, ya lalata ƙodar yara a Legas da Ibadan da Zariya, gwamnati ta ce aƙalla yara 84 sun mutu, kuma a 2013 kotu ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Kafson tetarasaikilin da ake fasawa a zuba a koko saboda zawo yana ɓata launin haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba, wato yana lalata abin da ake cewa ana yi wa magani. Ɗauri da sauran jiƙe-jiƙe ba su da ƙayyadadden ma'auni, zuma ba a ba wanda bai shekara ba, tsaga dasashi da aska kuwa ƙofa ce ga zubar jini da ciwon tsinkau-tsinkau. Abin da ke sauƙaƙa ƙaiƙayin dasashi na gaskiya bai wuce a wanke hannu da sabulu a murza wurin a hankali ba, ko a ba yaro tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya gatsa.

A karkarar Kano reno aikin cikin gida ne. Uwar da ke suyar ƙuli-ƙuli ko surfe, ko ta tafi makarantar Islamiyya ko gidan biki, ko malamar firamare da ke fita da safe, takan bar ɗanta wurin kaka ko abokiyar zama ko maƙwabciya, ko a goya wa yarinya 'yar shekara takwas, kuma ba abin mamaki ba ne a ga yara biyar ko shida na ɗakuna daban-daban a kan tabarma ɗaya suna shan kunu da ludayi ɗaya. A irin wannan zama kalmar “haƙori ne” tana da illa ta biyu, domin haƙori ba ya yaɗuwa, saboda haka ba wanda ke tunanin raba yaron da sauran, alhali zawo da mura da ƙyanda da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, duk suna bin moɗa da hannu da numfashi. Yaron da ke dalala yana wasa yana shan nono ba shi da dalilin da za a ware shi. Mai zawo ko amai ko zazzaɓi kuwa ya kamata a ware masa kofinsa da cokalinsa da shimfiɗarsa, a zubar da kashinsa a masai nan take, domin kashin jariri ma yana ɗauke da cuta duk da ana raina shi, mai renon kuma ta wanke hannu da sabulu bayan ta yi masa tsarki da kafin ta taɓa abincin sauran. Ƙyanda takan fara da zazzaɓi da jan ido da tari, kuma yaro na yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su feso, lokacin da ake ganin haƙori ne, abin da ya fi zama barazana ga jariran da ba su kai wata 9 na rigakafinta ba.

Akwai alamun da ma'aikatan lafiya ke kira alamun haɗari, waɗanda ba a kwana da su a gida ko mene ne ake zaton sanadinsu: yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa, ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya shiɗe ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushin da da ƙyar ake tashinsa. Haka nan jini a cikin kashi, da sanƙarewar wuya a lokacin bazara da sanƙarau ke yawo, da numfashi mai sauri, wato sau 50 ko fiye a minti ɗaya ga ɗan wata 2 zuwa 11, sau 40 ga wanda ya shekara, ko haƙarƙari ya riƙa lotsawa idan yana jan iska, wanda ke nuna ciwon huhu. Mai reno ce kan fara ganin waɗannan, amma a yawancin gidaje ba ta da ikon yanke shawara: 'yar reno tana tsoron faɗa, abokiyar zama tana gudun a ce ta yi wa ɗan kishiya baki, uwar kuma tana jiran izinin maigida da kuɗin babur, shi kuwa yana gona ko ya tafi ci-rani. Wannan giɓi ana iya toshe shi tun kafin ciwo ya zo, idan maigida ya bar izinin fita asibiti a buɗe, ya ajiye kuɗin hanya a hannun wata babba a gidan, aka kuma bar katin rigakafin yaro da ledar gishiri da sukari inda mai reno za ta iya kaiwa, ta yadda daga asibitin ƙauye za a iya tura shi babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero a cikin birni, tun da sauran rana.