Daga Ina Ganyen Shayinmu Yake Zuwa? Tafiyata Zuwa Tsaunukan Shayi Uku a Ƙasar Sin

Ga waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba, ga rubutaccen shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau hirar shayi za mu yi. In kana da kwalin koren ganyen da ake dafawa a fada a Damagaram ko Agadas, ko a majalisa a Kano, ɗauko shi ka juya. Sau da yawa za ka ga wata lamba kamar 3505, ko 9371, ko 41022. Lambobin daraja ne da masu fitar da shayi daga ƙasar Sin suke amfani da su. Mai 3505 ɗin nan, wanda aka mulmula kamar ƙananan duwatsun carbi, asalinsa yankin Pingshui ne a lardin Zhejiang. Hatta sunan ma daga can ya taso. Sinawa na cewa "cha", kalmar ta bi ayarin fatake ta ƙasa, ta zama "shay" a bakin Larabawa, mu kuma muka ce shayi. Mutanen gaɓar tekun Fujian kuwa "te" suke cewa, 'yan Holan suka kwashe ta a jirgin ruwa zuwa Turai, daga baya ta iso mana a matsayin "ti". Ka ga ke nan Bahaushe ya gaji hanyoyin biyu.

Wannan ne ya sa na ware makonni na je na ga wuraren da idona, na ɗanɗana a inda ake yi. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu: koren shayi, baƙin shayi, da duk waɗanda ke tsakani, bishiya ɗaya ce ke ba da su, sunanta na kimiyya Camellia sinensis. Abin da ke raba su shi ne ƙasar da bishiyar ta tsiro, ranar da aka tsinki ganyen, da abin da aka yi masa bayan an tsinka. Kun san in an fere doya aka bar ta a iska sai ta yi ja? To haka ganyen shayi yake. In aka yi maza aka sa masa zafi, sai ya tsaya a kore. In aka murza shi aka bar iska ta gama aikinta, ya zama baƙi. In aka tsayar a tsakiya, shi ne ake kira oolong. Duk wanda ya gane wannan, mai shago ba zai ruɗe shi da manyan sunaye ba.

Zangon farko: Hangzhou

Daga Shanghai, jirgin ƙasa mai gudu yana kai ka Hangzhou cikin kusan awa ɗaya. A tsaunukan da ke yamma da tafkin birnin ake yin Longjing, koren shayin da ya fi kowanne suna a ƙasar. Ma'anar sunan Rijiyar Dodo. Ƙauyukan da ake zuwa su ne Longjing ɗin kansa da Meijiawu.

A nan lokaci shi ne komai. Akwai wani biki nasu, Qingming, da ke faɗowa 4 ko 5 ga Afrilu. Ganyen da aka tsinka kafin ranar shi ne mafi tsada, domin tohon farko ne bayan sanyi, ƙarami, mai laushi, ba ɗaci. Bayan mako biyu ko uku, gona ɗaya, bishiya ɗaya, amma farashi ya sauko sosai. Na isa a ƙarshen Maris, na tarar da masu tsinka cike da gonaki tun da sassafe. Yawancinsu mata ne 'yan ci-rani daga larduna maƙwabta kamar Anhui da Jiangxi. Toho ɗaya da ganye ɗaya ko biyu suke cira da yatsa, kuma sai an tara kusan kilo 4 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe. Ka tuna da su duk ranar da ka ji kamar shayi ya yi tsada.

Sai suya. A cikin wani babban kasko mai zafi, mai suyar yana sa tafin hannunsa tsirara, yana danna ganyen a jikin kaskon, yana watsawa, yana sake dannawa, har ya baje ya yi sumul. Yanzu inji ya karɓe kaso mai yawa na aikin, shi ya sa na hannu zalla ya yi wuya kuma ya yi tsada.

Yadda suke sha ya ba ni mamaki. Babu buta, babu sukari, babu na'a-na'a. Kofin gilashi kawai, ganye kamar giram 3, da ruwan da aka bari ya ɗan huce bayan ya tafasa, wajen digiri 80. Ƙamshin kamar na soyayyiyar gyaɗa ko wake, ɗanɗanon kuma sassauƙa da ɗan zaƙi a ƙarshe. In ka zuba tafasasshen ruwa kai tsaye, ka ƙona kuɗinka.

Ga inda matsalar take. Yankin da doka ta yarda a kira shayinsa Longjing na Tafkin Yamma ƙarami ne, murabba'in kilomita 168 kacal, amma sunan yana kan gwangwanaye a ko'ina. Kuma akwai masu tare baƙi a hanya, su ce zo gidan ƙanwata, mu manoma ne, alhali ganyen daga wani wuri aka kawo. Kafin ka sayi komai, shiga gidan tarihin shayi na ƙasa da ke nan Hangzhou, wanda aka buɗe a 1991, ka ga yadda na gaske yake.

Zango na biyu: Yunnan

Daga nan na tashi zuwa kudu maso yamma, lardin Yunnan, yankin Xishuangbanna da ke iyaka da Laos da Myanmar. Wata duniya ce daban. A Hangzhou shayi gajeren shuka ne da aka jera layi-layi. A tsaunukan Yunnan kuwa akwai dazuzzukan da shayi ya zama bishiya sosai, sai an hau ko an sa tsani, wasu sun shekara ɗaruruwa. Ƙabilu irin su Blang da Dai da Hani ne ke kula da su tun kaka da kakanni. A 2023 hukumar UNESCO ta sa tsofaffin dazuzzukan shayi na tsaunin Jingmai cikin kayan tarihin duniya.

Shayin nan shi ne Pu'er. Ana soya ganyen sama-sama, a murza, a shanya a rana, sannan a turara a matse shi ya zama faifai. Nauyin faifan da aka saba giram 357 ne, ana ɗaure bakwai-bakwai a cikin ɓawon gora. Dalilin matsewar sufuri ne: a da, a bayan dawakai da alfadarai ake kai shi Tibet ta hanyar da ake kira Hanyar Shayi da Doki. Wanda ya san labarin ayarin gishirin Bilma zai gane hikimar.

Pu'er iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda ake ajiyewa shekaru yana canzawa a hankali. Akwai nunanne, wanda aka fito da dabararsa a 1973 a Kunming: a tara ganye tsibi, a yayyafa ruwa, a rufe, ya yi kusan wata ɗaya da rabi zuwa biyu yana ruɓa cikin kulawa, sai ya fito baƙi da ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama.

Ɗanyen na sabuwar shekara yana da ɗaci, ba wasa. Amma bayan ka haɗiye, ka ɗan jira, sai wani zaƙi ya taso daga maƙogwaro. Sinawa suna kiransa "huigan", suna ta ƙoƙarin yi mini bayani. Na ce musu ku huta, mai cin goro ba ya buƙatar fassara. Da wannan zaƙin ake auna ganye: mai kyau ɗacinsa na wucewa da sauri ya bar zaƙi, maras kyau kuwa ɗacin na maƙalewa a harshe.

A nan ma suna ya zama abin ciniki. Ƙauyen Lao Banzhang ya yi shuhurar da har shinge ake sawa a mashigarsa don kada a shigo da ganyen waje a sayar da sunansa. Kuma a 2007 mutane sun mayar da Pu'er kamar hannun jari, kowa na saye yana ɓoyewa, farashi ya yi ta hawa, kwatsam ya rushe. 'Yan kasuwa da manoma da yawa sun tafka asara. Don haka in wani ya ce maka sayi faifai goma ka ajiye za ka yi arziki, ka tuna da wannan shekarar.

Zango na uku: Wuyi

A ƙarshen Afrilu na koma gabas, tsaunukan Wuyi a arewacin lardin Fujian. Jajayen duwatsu ne masu tsayi, da ƙoramu a tsakaninsu, shayin kuma a cikin kwazazzabai yake tsirowa. Shi ya sa ake kiransa shayin dutse. Oolong ne. Ana girgiza ganyen a faifan gora don gefensa ya ɗan ƙuje, a bar shi ya huta, a sake, kusan dare guda ana yi, mai aikin yana bin ƙamshi da hancinsa har ya ji lokacin tsayarwa ya yi. Daga baya a gasa shi a kan garwashin gawayi da aka lulluɓe da toka, sa'o'i masu yawa, wani lokaci sau biyu ko uku da hutu a tsakani. Saboda haka wanda ya je a watan Mayu, na bara zai sha. Na bana sai wajen ƙarshen damina yake nuna.

Mafi shahara shi ne Da Hong Pao, wato Babbar Jar Riga. Uwayen bishiyoyinsa guda 6 ne a jikin wani dutse, na je na tsaya a ƙasa na hango su. An taɓa sayar da giram 20 na ganyensu a gwanjo sama da yuan 150,000, kuma tun 2006 hukuma ta hana tsinkarsu. Ke nan duk wanda ya ce zai sayar maka daga uwar bishiyar, gafara sa ne ba ka ga ƙaho ba. Abin da ke kasuwa daga rassan da aka dasa ne ko haɗin ganyaye, kuma akwai masu kyau ƙwarai a cikinsu.

A Wuyi na fi jin kamar ina gida, saboda zaman shayin. Mai masauki zai sa ganye kamar giram 8 a ɗan kwano mai murfi da ake kira gaiwan, ya zuba tafasasshen ruwa, bayan daƙiƙu kaɗan ya tsiyaye, ya raba a ƙananan kofuna. Ganye ɗaya zai ba da zubi bakwai ko takwas, kowanne da ɗanɗanonsa, ana sha ana hira. Mu namu zagaye uku ne da kumfa da sukari, amma manufar ɗaya ce, a zauna a ba juna lokaci. In an zuba maka, sai ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsu ke nan.

Wuyi tana da alaƙa da mai shayin bakin titinku ma. A ƙauyen Tongmu na yankin ake yin Lapsang Souchong, mai ƙamshin hayaƙin itace, wanda ake ɗauka cikin baƙin shayi na farko a duniya. Kuma a ƙarshen shekarun 1840 kamfanin East India na Ingila ya turo wani masanin tsirrai ɗan Scotland, Robert Fortune, ya yi shigar Sinawa ya ratsa yankunan shayi har da Wuyi, ya kwashi iri da tsirrai da ƙwararrun ma'aikata zuwa Indiya. Wannan ilimin ya taimaka wa Turawa suka kafa manyan gonakinsu, baƙin shayi ya yi araha ya bazu a duniya, har ya iso teburin da ake haɗa maka da madara da burodi.

Ga mai niyyar zuwa

Na san da yawa cikinku na zuwa Guangzhou sarin kaya. A birnin akwai kasuwar shayi ta Fangcun, shaguna dubbai, duk abin da na lissafa yana can. Ga abin da zan ba ku shawara.

Na ɗaya, kada ka sayi abin da ba ka sha ba. Zama a ɗanɗana kafin ciniki al'adarsu ce, ba roƙo ba ne. Amma ka tabbata daga buhun da aka ɗebo aka dafa maka, daga nan aka auna maka.

Na biyu, bayan an gama, ka ce a juye maka jiƙaƙƙen ganyen ka duba. Mai kyau zai buɗe cikakke, mai laushi, launi ɗaya. In ka ga gutsattsari da itatuwa, ka san matsayinsa.

Na uku, ka tambayi abu uku: wane tsauni, wace shekara, wane wata aka tsinka. Mai gaskiya zai amsa ba tare da kame-kame ba. Ka lura kuma da ma'auni, da "jin" suke faɗin farashi, wato rabin kilo.

Na huɗu, ka fara da giram 50. Koren shayi ba ya son ajiya, musamman a zafinmu, ka rufe shi ruf ka shanye cikin watanni. Pu'er da gasasshen oolong su ne ke jure zama, in dai an nisanta su daga turare da kayan yaji, domin ganyen shayi na zuƙe duk ƙamshin da ke kusa da shi.

Batun abinci kuma, a kusan kowane gari akwai shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi, galibi da koren allo. A ƙauyukan kan tsauni dai sai ka yi guzuri.

Ga aikin gida. A wannan makon, ɗebi rabin cokali na koren ganyen da ke gidanku, kada ka dafa shi a wuta. Zuba masa ruwan da ya ɗan huce, minti biyu, ba sukari, ka sha. Wataƙila ka ji daɗinsa, wataƙila ka ce Allah ya kiyaye, amma a karon farko za ka ji ainihin ganyen da ka shekara kana sha. Ku faɗa mana yadda kuka ji, da lambar da ke jikin kwalinku.

A shiri na gaba za mu leƙa Uji ta ƙasar Japan, inda ake rufe bishiyoyin shayi da inuwa makonni kafin tsinka, a niƙa ganyen a dutse ya zama garin matcha. Kafin nan, a sha shayi lafiya.